Alamar Ɗigo

Yaya,

Sallama daga wadda kewarku ta ishe ta. Ina fata kina lafiya, ke da Baban yara da samarinki biyu, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Yaya 'yata Ɗigo? Tana cin abinci, ko har yanzu sai an bi ta da cokali? Ni lafiya lau nake, sai mura da ta kama mu mu huɗu lokaci ɗaya, don ko ruwa a gora ɗaya muke sha.

Kada ki yi dariya don kin ga takarda. Manaja ce ke riƙe da wayoyinmu muddin muna kan hanya, wai waya tana cinye barci, rashin barci kuma yana cinye murya. Ran Lahadi take ba mu, kuma kin ga yadda ake yi: ko kina aiki a ɗakin haihuwa hannunki cikin safar roba, ko Ɗigo ta fara ba ni labari a zo a tsaya mini a kai ana nuna agogo. Takarda kuwa ba mai tsaya mini a kai. Ofishin kamfani zai riƙa aiko miki, ke ma ki riƙa aikawa can, suna sa mana a jakar da ke bin mu gari gari.

Yaya, da kin ga ƙungiyar waƙarmu, 'Yan Huɗu, yanzu da ba ki gane mu ba. Mu ne dai waɗanda kike kora daga ɗakinki na baya kina cewa mun hana ki hutawa, amma kamfani ya raba wa kowa hali kamar ana raba kaya. Sarauniya ita ce mai magana da 'yan jarida. Doguwa aka ba tsiwa, alhali kin san ko kyankyaso ta gani sai ta hau kujera. Mai Gilashi ce mai tunani. Ni kuma aka ce ni ce Auta: mai kunya, mai dariya tana rufe baki, wadda ba ta san komai na duniya ba. Ni da na yi aure, na haihu, na rasa miji! An sa mini gashin kanti mai launin zuma har gadon baya, an sa mini wani abu a ido ya koma ruwan toka.

Abin da ke cina shi ne wanda kika riga kika sani. Auta ba ta da 'ya. Manaja ta sake maimaita mini, ta ce kada sunan Ɗigo ya fito daga bakina sai mun tsaya da ƙafafunmu, in ya so daga baya a shirya yadda za a faɗa. Na sa hannu a kan haka, ba zan ce an yaudare ni ba.

Amma na samo dabara. Kin tuna ba ta yin barci sai ta riƙe kunnena na hagu? Ranar Asabar mai zuwa za a nuna mu a talabijin. Ki zaunar da ita. Ki gaya mata idan waƙa ta ƙare, kafin a kashe fitilu, zan kama kunnena na hagu. Wannan nata ne ita kaɗai, ba wanda ya sani sai mu uku. Ma'anarsa Umma tana ganinta.

Ki shafa mini kanta. Ki gaya mini ko haƙorin nan da ke girgiza ya fita.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Amin, wa alaikis salam. Muna lafiya. Baya na nan yadda kika san shi, wata uku ke nan mata suka haɗa baki suna haihuwa kamar an yi musu alkawarin kyauta. Baban yara yana gaishe ki, ya ce a gaya miki motarsa ta fi ki iya waƙa idan yana hawa gada.

Takardarki ta iso ana gobe Asabar, da ƙyar ta tsere. Na zaunar da Ɗigo kamar yadda kika ce. Da kuka fito ban gane ki ba wallahi. Na ce wa Baban yara wannan mai gashin ba daga cikinmu ta fito ba. Ɗigo ce ta taɓa gilashin talabijin da yatsa ta ce, “Ga Umma, ita ce mai takawa da gefen ƙafa.” Ashe duk kwalliyar duniya ba ta gyara miki tafiyar agwagwar nan ba.

Waƙar ba ta ji ta ba, ina gaya miki. Idonta na kan hannunki tun daga farko har ƙarshe. Da aka zo ƙarshe sai aka nuna Sarauniya, aka nuna Doguwa, aka daɗe a kan masu tafi, ni kaina sai da na ce shi ke nan mai ɗaukar hoto ya cuce mu. Sai ga ki can a gefe, hannu ya tafi kunne. Ƙanwata, ihun da yarinyar nan ta yi, maƙwabciya sai da ta shigo ba sallama ta ɗauka wuta ce. Ta tambayi me ya faru, Ɗigo ta rufe bakinta da hannu biyu ta ce, “Ba komai.” Ta riƙe miki sirri fiye da yadda ke kika taɓa riƙe nawa.

Haƙori ya fita, na kusa da shi ma ya bi shi. Yanzu in ta yi dariya sai ki ga ƙofar gari. Ta ce kada a jefar, sai kin gani, suna nan cikin kwalbar magani a kan firij.

Zancen Manaja kuwa, ba zan ce komai ba tunda kin sa hannu. Ni dai aikina karɓar 'ya'ya ne, ban taɓa ganin wanda aka mayar ba. Ki ci abinci, wuyanki ya yi tsawo a talabijin.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, na san na daɗe. Lafiyata ƙalau in ban da ƙafa, don takalman da muke rawa da su wanda ya ƙera su bai taɓa son mace ba. Ina fata kowa lafiya.

Na san kin ji. Waƙar nan ta fi ƙarfinmu. Mun je ƙasashen da ban iya faɗin sunayensu ba, mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta harshenmu suna rera ta daga farko har ƙarshe, suna kuka. A wani gari motarmu ta kasa fita daga otal, sai ta ƙofar masu wanki aka fitar da mu cikin motar zannuwa. Doguwa ta zauna a kan tawul masu datti tana cewa ashe wannan ne ɗaukaka. Yanzu ba a zaure muke wasa ba, a filin ƙwallo ne. Daga kan dandamali ba ki ganin fuska, sai fitilun wayoyi har inda ido ya tsaya.

Ga albishir, kuma na Ɗigo ne. Tun daga waccan Asabar ban taɓa sauka daga dandamali ban kama kunne ba. Ashe masoyanmu suna lura. Suka fara yanko wurin suna yaɗawa, suna tambayar me Auta take nufi. Malamin da ke koya mana rawa ya kira ni, na ɗauka faɗa zai yi, don ba ya son motsin da bai tsara ba. Sai ya ce abin ya yi kyau, zai sa shi a cikin rawar, mu huɗu mu riƙa yi tare a ƙarshen amshi.

Yaya, ranar da muka fara yi, filin nan gaba ɗaya ya kama kunne. Maza, mata, tsofaffi, har masu gadi. Na tsaya ina kallo hawaye suka ɓata wa mai kwalliya aikinta. Na ce a raina, an hana ni faɗin sunan 'yata, to ga shi duniya duka tana gaishe ta ba ta sani ba. Ki gaya mata. Ki ce Umma ta sa mutanen da ba su ƙirguwa suna yi mata alamarta.

Na saya mata riga mai aljihu biyu da takalmi mai fitila, suna cikin jakar ofis. Na kintaci girmanta ne da ido, in sun matse ta ki gaya mini gaskiya. Wani lokaci a cikin jirgi ina rufe ido ina ƙoƙarin tuna nauyinta a cinyata, sai in ga wanda nake tunawa na bara ne. Kewarta tana tashina tun kafin agogo ya tashe ni.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Mun gode Allah, muna lafiya. Ƙaramin samarina ya karye a hannu wajen ƙwallo, an ɗaure, yana nan yana mulki da shi. Kaya sun iso. Rigar ta yi, takalmin ya yi mata kaɗan, na ba 'yar maƙwabciya.

Albishirinki ya riga takardarki isowa. An kafa allon talla a mararrabar da muke bi zuwa makaranta, ku huɗu, kowacce riƙe da kunne kamar waɗanda malami ya kama suna surutu. Mai sayar da burodi yana yi. Wata mai naƙuda ta yi mini a kan gado, wai don ta ba ni dariya. Akwai riguna a kasuwa da hoton kunne a ƙirji.

Ban karanta wa Ɗigo wurin da kika ce in gaya mata ba, kuma zan faɗa miki dalili. An kira ni makaranta. A lokacin hutun tara 'yan ajinsu sun jeru suna rawarku, da suka zo wurin kama kunne sai ta shiga tsakiya tana fizge musu hannu, tana cewa su bari, nata ne. Suka ce nata kamar yaya? Ta ce Auta ummarta ce, ita take yi wa. Kin san yara. Suka kwashe da dariya, wata mai baki a cikinsu ta ce Auta ko aure ba ta yi ba, an rubuta a jarida. Ɗigo ta cije ta a hannu da sauran haƙoran da suka rage mata. Tun daga ranar suna kiranta 'Yar Auta, da irin muryar da kin san ba yabo ba ne.

Malamarsu ta ja ni gefe ta ce yaran da suka rasa iyaye sukan ƙirƙiri irin wannan, in bi ta a hankali. Na tsaya ina kallonta, bakina cike da magana, na haɗiye saboda takardar da kika sa wa hannu. A hanyar gida Ɗigo ta ce, “Inna, me ya sa ba ki gaya mata ba?” Na ce mata mu tsallaka titi tukuna.

Kada ki tayar da hankalinki. Ta koma cin abinci, tana barci, kwanan nan ma ta daina tambayarki, abin ya lafa. Abu ɗaya nake roƙo: ki nemo mini izini in je in gaya wa malamar nan ita kaɗai. Ba jarida ba ce, mace ɗaya ce mai alli a hannu.

Yayarki

*

Yaya,

Ina lafiya.

Na karanta takardarki a bayan dandamali ana ɗaura mini gashi, na kai wurin da kika ce ta daina tambayata, sai na kasa wucewa. Kin rubuta shi kamar kina yi mini albishir. Abin ya lafa! Wato ni ce ciwon, an samu sauƙina. Na san ke kike wanke ta, ke kike kai ta makaranta, ke aka kira da ta yi cizo. Ban taɓa musun wannan ba, kuma ba zan iya biyanki ba. Amma ba sai kin nuna mini cewa ta saba da rashina ba, na riga na sani, da shi nake kwana.

Na yi wa Manaja magana. Ta ce malama ɗaya tana da ƙawa ɗaya, ƙawar tana da waya. Ta ce mu bari a wuce bikin ba da lambar yabo, an sa sunanmu a rukuni uku, ba a taɓa sa mata daga ɓangarenmu na duniya ba. In labari ya fita yanzu ba ni kaɗai zai taɓa ba, har da sauran ukun da duk masu cin abinci a bayanmu. Don haka kada ki je makarantar. Ki ba Ɗigo haƙuri, ki ce saura kaɗan.

Gobe muna da babbar hira a talabijin, za a nuna har can wurinku. In tana son kallo ta kalla. In ta daina tambaya kuma, kada ki takura mata.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Lafiya muke, tunda haka kika koma gaisuwa.

Takardarki ta zo bayan hirar, don haka zan fara da hirar. Ita da kanta ta kunna talabijin. 'Yan ajinsu sun ce za a tambaye ki ma'anar kama kunne, ta dawo gida tana rawar jiki, ta yi wanka ba a ce ta yi ba, ta sa rigar nan mai aljihu biyu. Ta ce mini, “Yau Umma za ta faɗa, gobe kowa zai sani.” Na ce mata wataƙila ba za a tambaya ba. Ta ce za a tambaya.

Aka tambaya. Kika rufe baki kika yi dariyar nan da aka koya miki, kika ce, “Na masoyanmu ne. Ma'anarsa muna jin ku.” Mutanen wurin suka yi tafi.

Na san ba ke kika tsara amsar ba, na san haddace ta kika yi, don na ga idonki ya tafi gefe irin yadda kike yi tun kina ƙarama in za ki faɗi abin da ba shi ba. Ni na sani. Ita shekararta bakwai. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta zauna har aka gama, har aka sa tallan sabulu, sannan ta tashi ta cire rigar ta ninke ta ta sa a ƙasan akwati. Da safe ta ce cikinta na ciwo. Ni unguwarzoma ce, na san cikin da ke ciwo, amma na bar ta a gida.

Yanzu zancen layin da ya tsaya miki. Ke dai ba ki canza ba, a ba ki kwano cike ki tsinci tsakuwa ɗaya ki ce don ke aka sa. Na rubuta ta daina tambayarki ne don in kwantar miki da hankali, kina can kina tsalle a kan dogon takalmi, ina tsoron kada ki faɗi. Tunda kina son gaskiya ga ta: ta daina tambaya da baki ne. Duk ranar da mai kawo wasiƙu ya tsaya a ƙofa tana riga ni isa. Tana kwana da tsohon ɗankwalinki a ƙarƙashin matashi, ta hana a wanke. Tana kirana Inna, ba ta taɓa kuskuren kirana Umma ba, ko a cikin zazzaɓi. Ban ƙwace miki 'ya ba. Ajiya kika ba ni, kuma ajiyar tana ramewa a hannuna.

Ni ma ina kewarki, in kin manta. Ba ni da wata ƙanwa. Ina wucewa ƙarƙashin allon nan kullum ina ɗaga kai ina neman fuskarki a cikin ta Auta.

Kada ki aiko da wata sabuwar alama. Kada ki aiko da takalmi.

Yayarki

*

Yaya,

Ki yafe mini. Na gaishe ki, na gaida Baban yara da samari, gaisuwa ta gaske wannan karon. Na yi shiru ne don na rasa ta inda zan fara, na yaga takarda ta fi a ƙirga.

Mun ci lambobin, biyu cikin uku. Na riƙe tawa a kan dandamali ina murmushi, tana da nauyi da sanyi. Da muka koma ɗakin canza kaya na ba Sarauniya takardarki ta karanta, ta miƙa wa Doguwa, ta miƙa wa Mai Gilashi. Sai Doguwa, wadda ke tsoron kyankyaso, ta tashi ta je ta samu Manaja ta yi mata tsiwar da ake biyanta ta yi a talabijin. Ta ce ko a ba ni hutu in je gida, ko ita ma ƙafarta ta fara ciwo, kuma ta ji ta Mai Gilashi ma tana shirin farawa.

An ba ni 'yan kwanaki tsakanin wannan ƙasa da ta gaba. Za a ce ba ni da lafiya, su uku za su yi wasa ɗaya ba ni. Zancen faɗa wa duniya har yanzu Manaja tana cewa a jira, amma ta ce abin da na yi a unguwarmu ba ta gani ba.

Ina zuwa farkon wata. Ki tambayar mini Ɗigo me take so in yi mata. Ko mene ne.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Allah ya kawo ki lafiya. Ki gaida Doguwa, ki ce na yafe mata kofina da ta fasa.

Na tambaye ta. Ta daɗe tana wasa da bakin zanen gado, sannan ta ce ki zo makaranta lokacin tashi, ki tsaya a bakin ƙofa inda kowa zai gan ki. Shi ke nan abin da take so. Ina aikin safe a makon, ba zan samu raka ki ba. Ƙofar mai launin kore ce, ba ta wajen masu sayar da alewa ba.

Yayarki

*

Yaya,

Ina rubuto miki daga filin jirgi, an ce jirginmu zai yi jinkiri. Na iso nan lafiya. Na gode da komai, da gadonki da kika bar mana, da faɗan da kika yi mini a kicin, da wanda kika fasa yi.

Kin tambaye ni yadda aka yi a makaranta na ce lafiya lau, Ɗigo ma ta ce lafiya lau, kika kalle mu kika ƙyale. Ban iya faɗa miki a gabanta ba. Ga yadda aka yi.

Ban yi tunanin kaya ba sai da na tsaya gaban madubinki. Gashin nan, da abin ido, da riguna, duk na kamfani ne, suna tafiya cikin akwatuna da mai kula da kaya, sun riga sun wuce ƙasa ta gaba. Mai kwalliya takan yi awa biyu a kan fuskata kafin Auta ta fito. Ni abin da na zo da shi fuskar da kika sani ce, da ramar hanya. Na ɗauki doguwar rigarki mai ruwan ƙasa, na ɗaura ɗankwali, na sa silifas ɗinki. Na ce ai ni ce, za su gane.

Na bi ta ƙarƙashin allon nan, mai burodi ya ce in matsa na tare masa masu saye. Na tsaya a koren ƙofa cikin sauran iyaye, wata ta tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aikin gidanku.

Aka buga ƙararrawa. Na hango ta tun daga nesa, ta yi tsawo, Yaya, ba ki gaya mini ta yi tsawo haka ba. Ba ita kaɗai ba ce, ta taho da rabin ajinsu a bayanta, ashe tun safe ta gaya musu. Ta gan ni ta tsaya cak. Sannan ta rugo, ta faɗa jikina da ƙarfin da sai da na ja baya, ta cusa fuska a cikina. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba.

Da na ɗago sun kewaye mu. Suna kallona daga ɗankwali har silifas. Mai bakin nan, na gane ta da tabon haƙori a hannu, ta ce, “Wannan ce Autar?” Wani ya ce, “Auta idonta ruwan toka ne.” Wata ta ce, “Wannan ai tsohuwa ce.” Suka fara dariya.

Na ce a raina abu mai sauƙi ne. Fuska ta kamfani ce, murya tawa ce. In na buɗe baki na yi amshin nan, ko layi ɗaya, ba yaro ba ko malamarsu sai ta fito da gudu. Na gyara tsayuwa, na ja numfashi. Ɗigo ta san wannan numfashin, tun tana ciki take jin sa. Sai ta damƙe hannuna, ta ɗago ta kalle ni, ta girgiza kai.

Ta juya ta fuskance su ta ce, “Ƙarya na yi. Ba Auta ba ce. Ummata ce kawai, ba ta iya waƙa ba.”

Suka yi ihu, “Mun faɗa! Mun faɗa!” Mai bakin ta ce gobe sai ta gaya wa malama. Suka watse suna rawarmu, suna kama kunne, suka bar mu a tsaye.

Muka kama hanya. Muka wuce masu alewa. Na ce, “Ɗigo, me ya sa? Da kin bar ni da sun yarda. Yanzu kullum za su riƙa ce miki maƙaryaciya.”

Ta ce, “Na sani.”

Na ce, “To me ya sa?”

Ta ce, “In suka gane ki za su zo gidan Inna. Za su ce ki yi musu waƙa, ki ɗauki hoto da su, har ki tafi ban gan ki ba.” Muka yi 'yar tafiya, ta ƙara da cewa, “Kwananki kaɗan ne.”

Yaya, sai na nemi dakalin wani shago na zauna. Ta zauna kusa da ni ta buɗe jakarta tana nuna mini littafin lissafi, wai an ba ta takwas cikin goma.

Don haka ga roƙona. Kada ki je wurin malamar, ko da Manaja ta yarda. Ɗigo ta zaɓa, kuma ta san abin da ta biya. Zan zauna da sauran ukun idan wannan zagayen ya ƙare, ban san me zan ce musu ba tukuna, ba zan yi miki alkawarin da ban tabbata ba.

Da safen nan da kika fita kiran mota ta ce in tsaya, ta kawo tsohon ɗankwalina ta ce in ba ta wanda ke kaina, wancan ya daina ƙamshi. Shi ya sa kika gan ni da ɗankwali mai datti kika yi mini faɗa a bakin ƙofa. Yana kaina har yanzu. Nata kada ki wanke.

An fara kiran jirginmu.

Ƙanwarki